Sukarin da ke bambanta jinin mutane

Me ya sa likita ke auna jini kafin a ƙara wa majiyyaci? Domin jini iri huɗu ne: A, B, AB da O. Abin da ya bambanta su, wani sukari ne da jiki ke yi, yana manne a jikin ƙwayoyin jini.

Masana biyu na Ingila, Walter Morgan da Winifred Watkins, su suka gano haka cikin shekarun 1950. Ita Watkins da aikin taimako ta fara a ɗakin bincike, har ta zama farfesa.

In aka ƙara wa mutum jinin da bai dace ba, jikinsa zai yaƙi baƙon sukarin, yana iya mutuwa. Ƴan uwa, kowa ya san irin jininsa, musamman mata masu ciki.