Shin kuɗi na kawo farin ciki? Abin da ya kamata ku sani

Gardama ce da ba ta ƙarewa a majalisa ko a kasuwa. Wani ya ce kuɗi ba sa sayen kwanciyar hankali, wani ya ce mai faɗin haka bai taɓa kwana da yunwa ba. Masana sun kwashe shekaru hamsin suna bin diddigin batun.

Yaya ake auna farin ciki?

Ba shi da mudu, ba shi da sikeli, don haka tambayar mutane ake yi. Kamfanin Gallup kan ce wa mutum ya ɗauka ga tsani mai matakai daga 0 zuwa 10, inda 10 ke nufin rayuwa mafi kyau da zai iya samu, 0 kuma mafi muni, sai ya faɗi inda yake tsaye. Da irin waɗannan amsoshi ake haɗa Rahoton Farin Ciki na Duniya, wanda ya fara fitowa a 2012. Ƙasar Finland ce ke kan gaba tun 2018. Kuna iya cewa ai mutum zai iya ɓoye gaskiya. Haka ne, shi ya sa ake tambayar dubban mutane a ɗauki matsakaicin amsarsu.

Me aka gano?

A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton sun nazarci amsoshi sama da 450,000 na Amurkawa. Sun ga cewa gamsuwar mutum da rayuwarsa tana ƙaruwa muddin kuɗin shigarsa na ƙaruwa, amma walwalar yau da kullum takan tsaya idan ya kai kusan dala 75,000 a shekara. A 2021 Matthew Killingsworth ya ce shi bai ga wannan iyakar ba. Sai shi da Kahneman suka haɗu suka sake duba alƙaluman tare, kuma a 2023 suka bayyana cewa yawancin mutane walwalarsu na ci gaba da hauhawa tare da kuɗi. Amma kusan kashi ɗaya cikin biyar, waɗanda suka fi kowa baƙin ciki, idan suka kai wajen dala 100,000 ƙarin kuɗi ba ya ƙara musu komai. Mutuwar ɗa ko ciwon damuwa ba abin da za a biya a rabu da shi ba ne.

Kada ku juya waɗannan daloli zuwa naira ko sefa. Tsadar rayuwar Amurka daban take.

Wa kuɗi suka fi yi wa tasiri?

Talaka, nesa ba kusa ba, kuma wannan shi ne abin da nake so ku riƙe. Abin da ke aiki shi ne ninkin samu. Mai samun naira dubu 50 a wata, idan aka ƙara masa dubu 50, rayuwarsa ta sauya: yaro ya tashi da zazzaɓi da tsakar dare, uba ya nufi kemis ba tare da ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci neman rance ba. Mai samun miliyan biyar kuwa ko lura da ƙarin ba zai yi ba.

An gwada haka a yammacin Kenya, inda ƙungiyar GiveDirectly ta tura wa iyalai matalauta kuɗi ta wayar salula ba tare da wani sharaɗi ba. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna sun ƙara samun abinci, damuwarsu ta ragu, gamsuwarsu ta ƙaru. Duk mai ce wa talaka kuɗi ba kome ba ne, bai yi masa adalci ba.

To me ya sa wasu masu hali ba sa jin daɗi?

A 1974 Richard Easterlin ya lura cewa arzikin Amurka ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma farin cikin jama'arta bai bi sahu ba. Wasu masana na jayayya da shi har yau. Dalilai biyu ake yawan kawowa: sabo da kwatance. Kun sayi sabon babur kuna murna, bayan 'yan watanni ya zama kamar kullum, ranar da maƙwabci ya faka mota kuma sai babur ɗin ya yi muku ƙanƙanta.

Yadda ake kashe kuɗin yana da tasiri?

Yana da shi. A wani gwaji da Elizabeth Dunn da abokan aikinta suka wallafa a 2008, an ba mutane a Kanada dala 5 ko 20 da safe. An ce wasu su kashe wa kansu, wasu kuma su yi kyauta ko sadaka. Da yamma, waɗanda suka kashe wa wasu ne suka fi nuna farin ciki, kuma yawan kuɗin da aka ba su bai kawo bambanci ba.