Tallafin da Ba a Biya: Yadda Gwamnatin Amurka Ke Ɗaukar Nauyin Binciken Ƙananan Kamfanoni

A kowace shekara mukan ware gurbi a cikin wannan rahoto domin mu duba yadda wasu suke sarrafa dukiyar da aka damƙa musu amana, ko da manufarsu ta sha bamban da tamu. A bana mun zaɓi wani tsari na gwamnatin Amurka da ake kira SBIR a taƙaice, wato shirin tallafa wa ƙananan kamfanoni su gudanar da bincike da ƙirƙira. Abin da ya ja hankalinmu gare shi tambaya ce da duk wanda ya taɓa zama a kwamitin rabon tallafi ya san nauyinta: ta yaya za a ɗauki kuɗin jama'a a miƙa wa mutumin da ba shi da komai a hannu sai wata dabara da ba a taɓa gwadawa ba, sannan gobe a iya kare wannan hukunci a gaban masu dukiyar?

Asalin shirin daga Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasar Amurka ne, inda wani jami'i mai suna Roland Tibbetts ya soma gwada shi a 1977. Ya lura cewa kuɗin binciken gwamnati kusan duk jami'o'i da manyan kamfanoni suke kwashewa, alhali ƙaramin injiniya mai sabuwar dabara ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Banki ba zai ba shi rance ba, domin ba shi da jingina. Mai zuba jari kuma yana ganin sayen abin da ba a ƙera ba tukuna cinikin biri ne a sama. A 1982 majalisar dokoki ta mai da gwajin doka, Shugaba Ronald Reagan ya sanya mata hannu.

Dokar ba ta kafa wani sabon asusu ba. Ta dai wajabta wa duk hukumar tarayya da ke kashe fiye da dala miliyan 100 a shekara wajen ba wasu aikin bincike ta keɓe wani kaso domin ƙananan kamfanoni. An fara da kashi 0.2 cikin ɗari, ana ƙarawa sannu a hankali, har ya kai kashi 3.2 a 2017. Wato a cikin kowace dala dubu, dala 32 ba ta da wata hanya sai hannun ƙaramin kamfani. Hukumomi goma sha ɗaya ne wannan ya shafa. Ma'aikatar tsaro da ta lafiya su ne kan gaba wajen yawan kuɗi, sai ta makamashi, da hukumar sararin samaniya NASA, da ma'aikatar noma da sauransu. Idan aka tara, abin yakan kai biliyoyin daloli a shekara.

Sharuɗɗan mai nema a bayyane suke. Dole kamfanin ya zama na neman riba, yana aiki a cikin Amurka, ma'aikatansa ba su wuce 500 ba, kuma jagoran binciken ya zamana mafi yawan lokacin aikinsa a kamfanin yake. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne kuɗin ba rance ba ne. Ba a biya, gwamnati ba ta karɓar hannun jari, kuma haƙƙin mallakar abin da aka ƙirƙiro yana zama na kamfanin. Ribar gwamnati, in an samu, ita ce fasahar da take buƙata, da ayyukan yi, da harajin da zai biyo baya.

To me ke hana dukiyar salwanta? Amsar tana cikin matakan bayarwa, kuma a nan ne muke ganin hikimar tsarin ta taru. A mataki na farko ana ba da kuɗi kaɗan, na 'yan watanni zuwa shekara guda, domin a amsa tambaya ɗaya tak: shin wannan dabara tana aiki? Masana ne suke tantance takardun, kuma mafi yawan masu nema ba sa samu. Wanda ya dawo da hujja ne zai nemi mataki na biyu, inda kuɗin ya fi tsoka, wa'adin kuma kimanin shekara biyu, domin ya ƙera samfurin da za a iya riƙewa a hannu. A mataki na uku shirin yakan janye hannunsa gaba ɗaya. Sai kamfanin ya nemi masu saye ko masu zuba jari da kansa. An san tun farko cewa da yawa za su tsaya a matakin farko, an kuma yarda da hakan, tunda asarar da aka yi a kansu ƙarama ce kuma an ƙayyade ta kafin a soma.

Kason ma'aikatar noma ƙarami ne idan aka kwatanta da na tsaro, amma fannoninsa sun fi kusa da rayuwar yau da kullum: kare amfanin gona daga ƙwari da cututtuka, kiwon dabbobi, kiwon kifi, gandun daji, sarrafa abinci, raya karkara, da wani fanni na musamman domin ƙanana da matsakaitan gonaki. Bincike a harkar noma yana da wata wahala tasa. Mu ɗauka wani ya ƙera na'urar auna damshin ƙasa: mai rubuta manhajar kwamfuta yana iya gwada aikinsa sau goma a yini, shi kuwa sai ya jira lokacin shuka, in gwajin ya ɓaci sai baɗi. Masu jari ba su cika haƙurin wannan jira ba, shi ya sa tallafin gwamnati ya fi zama dole a wannan fanni.

Masu kare shirin sukan ambaci kamfanin Qualcomm, wanda aka kafa a San Diego a 1985, ya kuma sami wannan tallafi yana ƙarami, kafin fasaharsa ta shiga wayoyin salula a faɗin duniya. Mu dai ba ma ɗaukar labarin nasara guda ɗaya a matsayin hujja, domin kowane shiri yana da irinsa da zai nuna wa baƙi. Abin da ya fi gamsar da mu shi ne nazarin da wata masaniyar tattalin arziki, Sabrina Howell, ta wallafa a 2017 a kan masu neman tallafin ma'aikatar makamashi. Da yake ana jera masu nema bisa maki, sai ta kwatanta waɗanda suka tsallake da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙiris, mutanen da kusan babu bambanci tsakaninsu sai samun kuɗin. Ta gano cewa tallafin farko, na dala 150,000, ya kusan ninka damar samun masu zuba jari daga baya, daga kashi 10 zuwa kashi 19 cikin ɗari, kuma tasirin ya fi ƙarfi ga sababbin kamfanoni masu ƙarancin hali. Tallafi na biyu kuwa, mai kai dala miliyan ɗaya, ba ta ga ya kawo wani canji da za a iya aunawa ba wajen samun masu zuba jari. Wannan sakamako na ma'aikata ɗaya ne, bai kamata a shimfiɗa shi a kan sauran ba. Duk da haka ya saɓa wa abin da yawancinmu muke zato, cewa gwargwadon girman kyauta gwargwadon amfaninta. A bayaninta, ƙaramin kuɗin ya yi aiki ne saboda ya zo a daidai lokacin da mai dabara yake buƙatar ya ƙera abin da zai nuna.

Shirin yana da tabonsa. Jihohin Kalifoniya da Masachuset, inda manyan jami'o'i da masu jari suka taru, su ne suke kwashe kaso mafi girma. Wani nazari da Josh Lerner na Jami'ar Harvard ya wallafa a 1999 ya nuna cewa kamfanonin da suka sami tallafin sun fi takwarorinsu bunƙasa, amma fifikon ya tattara ne a yankunan da masu zuba jari suke tun da ma. Mai dabara a ƙauyen da ba kowa zai iya samun tallafin ya ƙera samfurinsa, sannan ya rasa wanda zai karɓe shi a mataki na uku.

Akwai kuma waɗanda suka mai da neman tallafin sana'a. Sun ƙware a rubuta takarda, suna cin matakin farko sau da dama, ba tare da wani abin kirki ya isa kasuwa ba. Ba su karya doka ba, kuma rahotanninsu tsaf suke. Kwalliya ce dai ba ta biyan kuɗin sabulu. Da yake dokar tana da wa'adi, sai majalisa ta sabunta ta lokaci zuwa lokaci, wannan ƙorafi yakan taso a duk zaman sabuntawa. A na 2022 an tsaurara ma'auni a kan kamfanonin da suka fi yawan karɓa, aka bukaci su nuna cewa ayyukansu na baya sun ci gaba zuwa mataki na biyu, sun kuma jawo ciniki ko jari, aka kuma umarci hukumomi su riƙa bincikar alaƙar masu nema da ƙasashen waje kafin a sakar musu kuɗi.