Ko Kun Sani? Zaɓen Momiji Don Bonsai

Ko kun san ba kowane irin momiji, bishiyar Japan mai ganye yatsu-yatsu, ke karɓar bonsai ba, wato renon bishiya 'yar ƙarama a kasko? Masu sana'ar kan nemi mai ƙananan ganye da gajerun gaɓoɓi. Cikin ire-irensa, Deshojo ja wur yake tofowa, daga baya ya koma kore. Arakawa kuwa kaushin ɓawonsa ake so. Kiyohime ne mai wuyar sha'ani: gefe yake bazuwa, ƙarfinsa na rassan ƙasa, in aka cika datse kansa sai kan ya bushe. Dashen da aka yi wa aure, irin na mangwaro, ba a cika sonsa ba, domin tabon kan daɗe a gindi.