Hawa jirgi da kyanwa: ina gaskiya, ina ji-ta-ji-ta?

A Baure ƙetare iyaka ba baƙon abu ba ne. Daga Babban Mutum zuwa Magariya, mutane sun saba ganin awaki da tumaki na bin masu su. Shi ya sa idan ɗan gari ya samu aiki ko karatu a waje, yara suka ce sai an tafi da magen gida, sai maganganu su yi yawa a majalisa. Wani ya ce haramun ne a jirgi, wani ya ce ai kwali kawai za a sa ta. Ga yadda abin yake.

“Jirgi ba ya ɗaukar kyanwa.” Ƙarya ce. Kamfanoni irin su Turkish Airlines da Lufthansa da Air France suna barin kyanwa ta shiga cikin fasinjoji, in dai nauyinta haɗe da kejinta bai wuce kilo 8 ba, kuma kejin zai shiga ƙarƙashin kujera. Amma sai an nemi gurbinta tun da wuri an biya kuɗi, don kowane jirgi yana da iyakar dabbobin da yake ɗauka.

“To ko ina za ta zauna kusa da ni.” Wannan ma ba haka ba ne. Dokar Birtaniya ta ce dabba ta shigo a matsayin kaya mai takardarsa daban, ba a hannun fasinja ba. Emirates kuma ba ya sa kyanwa cikin fasinjoji.

“A wajen kaya sanyi da rashin iska za su kashe ta.” Rabin gaskiya. A manyan jirage sashen da ake ajiye dabbobi yana da iska, ana kuma daidaita ɗuminsa. Haɗarin ya fi yawa a ƙasa, lokacin jira a rana, da kuma ga magen nan mai guntun hanci irin ta Farisa, wadda numfashi ke yi wa wuya. Shi ya sa wasu kamfanoni ba sa karɓarta a wajen kaya.

“A ba ta maganin barci ta huta.” Nan ne mutum ke kashe abin da yake so da hannunsa. Likitocin dabbobi da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, suna gargaɗi a kan haka, domin maganin yana sa jininta ya sauka, a sama kuma ba mai duba ta. Abin da ya fi shi ne a saba mata da kejin makonni kafin tafiya.

“Katin rigakafi ya isa.” Ƙarya ce, kuma ita ta fi jefa mutane asara. Mai zuwa Tarayyar Turai ko Birtaniya daga Najeriya sai ya bi matakai a jere. Da farko a dasa mata ’yar na’urar shaida, kamar ƙwayar shinkafa, a ƙarƙashin fata. Sannan allurar cutar haukan kare, bayan ta cika mako 12 da haihuwa. Bayan aƙalla kwana 30 a ɗebi jininta a gwada a ɗakin gwajin da ƙasar ta amince da shi. Idan sakamako ya yi kyau, a jira wata uku daga ranar ɗibar jinin. Lissafi ya kama wata huɗu ke nan. Wanda ya yi allura kafin dasa na’urar, sai ya sake daga farko. A gida kuma ana buƙatar shaidar lafiya daga likitan dabbobi na gwamnati da izinin hukumar killace dabbobi da tsirrai, NAQS, mai jami’ai a filin jirgin Malam Aminu Kano.

“Duk inda ta sauka sai an kulle ta.” Ya danganta da ƙasa. A Birtaniya mai cikakkun takardu ba a killace ta, amma mai giɓi tana iya shafe har wata huɗu, kuɗin kuma daga aljihun mai ita. Amurka ta fi sassauci ga kyanwa fiye da kare, duk da haka ana duba lafiyarta a wajen shiga. Ostareliya kuwa ba ta karɓa kai tsaye daga Najeriya.

Ashe ba jirgin ba ne matsala, kalanda ce. Tun ran gini ran zane: ranar da aka fara neman biza, ranar ya kamata a je wajen likitan dabbobi. Wanda lokaci ya ƙure masa, ya damƙa ta ga maƙwabcin da zai ciyar da ita. Duk wanda ya zauna gaban malam ya ji labarin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa, ya kuma san inda ta ƙare.