Furen Usambara Yana Ƙarewa a Mahaifarsa

A duwatsun Usambara da ke arewa maso gabashin Tanzaniya, da wasu tsaunuka na kudancin Kenya, akwai wani ɗan tsiro mai kaurin ganye da fure launin shunayya, wanda masana tsirrai suka daɗe suna kira Saintpaulia. Sunan ya samo asali ne daga Walter von Saint Paul, jami'in mulkin mallakar Jamus a yankin Tanga, wanda ya tsinci tsiron a shekarar 1892 ya aika wa mahaifinsa irinsa a Jamus, inda masani Hermann Wendland ya siffanta shi a rubuce a 1893. Da yake ganye guda ya isa a dasa a sami sabon tsiro, sai ya bazu a gidajen Turai da Amurka, har masu lambu suka fitar da dubban ire-irensa.

A dajin da ya fito kuwa lamarin ya sha bamban, domin tsiron ba ya jure zafin rana ko bushewar iska, kuma saiwarsa ba ta nitsawa cikin ƙasa, sai dai ta maƙale a tsagar dutse mai laima kusa da rafi, ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Saboda haka ba sai an taɓa shi ba kafin ya mutu: da zarar an sare itatuwan da ke kansa, rana ta sauko, dutsen ya bushe, shi ke nan ya ƙone. Saran katako, da buɗe gonakin shayi, da noman iliki, wato wani kayan ƙamshi da ake share ƙasan daji domin shuka shi, duk sun daddatsa kurmin Usambara. A yankin Kilifi na Kenya, inda wani irinsa ke fitowa a kan dutsen da ake haƙa domin yin siminti, barazanar ta kai ga dutsen kansa. Wani irin kuma ba a san shi a ko'ina ba sai a dajin Mbololo na tsaunukan Taita, ta yadda gobara ɗaya ko fari mai tsanani na iya yi masa mummunar ɓarna.

Yawan da ya yi a tukwanen gidaje ba zai cike wannan gurbi ba, domin akasarin na gida daga zuriya ƙalilan suka fito, an kuma zaɓe su ne saboda kyan launi, alhali na daji ne ke ɗauke da bambancin halittar da ke taimaka wa tsiro ya jure cuta da sauyin yanayi. Wannan ne ya ba gandun dajin Amani da ke duwatsun Usambara, wanda Tanzaniya ta keɓe a 1997, muhimmanci na musamman. Amma keɓe daji ba ya ɗorewa sai manoman da ke kewaye da shi sun sami abin dogaro da zai hana su ɗaukar gatari, tunda rayuwar wannan fure tana rataye ne ga inuwar itacen da aka bari a tsaye.