Jan Bakin Kakanni Ya Komo Kasuwa

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan zance ya tabbata a kasuwar kayan kwalliya ta Turai da Amurka, gama jan bakin nan mai tsananin ja, wanda matansu suka yi yayi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da shekarun da suka biyo baya, shi ne jikokinsu ke komawa gare shi suna nema da tsohon sunansa. Al'amarin ya isa ɗan kasuwa ya auna shi, malami kuma ya san da me ake yin kayan, domin irinsu na sauka a kantunanmu.

Asalin jan da aka fi daraja a wannan sana'a daga wani ɗan ƙwaro yake, sunansa koshinil, wanda ke zaune a jikin wani tsiro mai ƙaya a ƙasashen Meksiko da Peru. Ana tsince shi, a shanya, a niƙa, a fid da rini. Sai an tara wajen ƙwari 70,000 kafin a sami laba ɗaya. Turawan Sifen ne suka fara kai shi Turai a ƙarni na 16, ya zama haja mai tsada ƙwarai. Ana cuɗa rinin da kakin zuma da mai, ya daskare. Da fari a takarda ake naɗe shi, ko a zuba a ɗan kasko. A 1915 aka shiga sayar da shi cikin kwanson ƙarfe a Amurka, a 1923 kuma wani mutum, James Bruce Mason, ya yi rajistar kwanson da ake murzawa ya fito. Daga nan mace ta iya sa shi cikin jaka ta fita, ciniki ya buɗe.

Sa'ad da yaƙi ya ɓarke a 1939, maza suka tafi fagen fama, mata suka shiga masana'antu da aikin soja. Ƙarfe ya yi wuya, har aka koma yin kwanson da kwali. A Ingila kaya suka yi ƙaranci, wadda ta rasa jan baki ta kan shafa ruwan wata jar saiwa da ake ci a can. Ga matan nan, fita da jan baki alama ce ta cewa zuciya ba ta karaya ba. Kamfanin Elizabeth Arden ya haɗa wani launi mai suna Montezuma Red domin matan rundunar sojan ruwa ta Amurka, ya dace da jan igiyar hularsu.

Bayan an yi sulhu, arziki ya komo, launin ya ƙara ƙarfi. A 1952 kamfanin Revlon ya fito da Fire and Ice, watau wuta da ƙanƙara, a 1953 ya biyo da Cherries in the Snow. A wannan shekara kuma gidan Dior na birnin Paris ya fara nasa. Matan silima irin su Marilyn Monroe suka kai shi idon duniya. Sa'an nan yayi ya juya, kamar yadda ya saba: a shekarun 1960 aka koma ga launi mai haske, a shekarun 1990 ga ruwan ƙasa. Amma ja bai taɓa barin kanti ba. A 1999 kamfanin MAC ya fito da Ruby Woo, ja marar sheƙi irin na da, ya zama ɗaya daga cikin kayansa mafi fita. Revlon kansa bashi ya kai shi gaban kotu a 2022, ya fito a 2023, alhali launukansa na 1952 da 1953 ba su daina fita ba.

To, mene ne ke jawo budurwa ga abin da kakarta ta shafa? Galibi begen wani zamani ne. Wata ta kan tuna uwarta a gaban madubi ranar biki, da ƙanshin kakin, da ƙarar murfin in an rufe. Wata kuwa ba ta ga zamanin ba sam, hotuna da tsofaffin finafinai kaɗai ta gani, ta ɗauka lokaci ne na natsuwa da tsari. Ta manta cewa matan da ke cikin hotunan nan layin abinci suke bi, suna jiran wasiƙar mazan da wasunsu ba su komo ba. Wanda ya tuna tsofaffin ƙasar Hausa suna goga fure da goro har haƙora su yi ja, ya kuma ji yadda ake ba da labarinsu da marmari, ba zai yi mamakin wannan ba.

Akwai kuma lissafin aljihu. A 2001 Leonard Lauder, shugaban kamfanin Estée Lauder, ya lura cewa in kuɗi ya yi wuya cinikin jan baki kan ƙaru, don wadda ba ta iya sayen riga mai tsada ta iya sayen ɗan kwanso ta faranta ranta. Masana tattalin arziki ba duka suka yarda da shi ba. A 2020 ma, da annobar korona ta sa kowa ya rufe baki da hanci, cinikin ya faɗi ƙwarai, sai da aka ajiye takunkumi ya farfaɗo.

Saura abin da ya wajaba mai kanti ya kiyaye. Na farko, tsohon suna mai farin jini shi ne masu jabu suka fi kwaikwayo, saboda haka a duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kaya kafin a yi sari. Na biyu, yawancin jan da ake yi yanzu rinin masana'anta ne, amma ana samun mai koshinil, kuma alamarsa a jikin kwali ita ce CI 75470. Malamai sun yi saɓani a kansa: Majalisar Malaman Indonesiya ta ba da fatawar halaccinsa a 2011, wasu kuwa suna ganin a nisance shi. Ɗan kasuwan da ya san wannan lamba, in mai saye ta tambaya, zai gaya mata gaskiyar abin da ke ciki, ita kuma ta tambayi malaminta. Allah shi ne masani.