A Kula da Irin Ledar da Ake Ajiye Wayar Caji da Noti

Duk gidan da ake amfani da waya ko rediyo ko fitilar sola, ba a rasa durowa ko kwalin da aka jibge wayoyin caji da noti da fiyus da ƙananan batura. Haka teburin mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano yake, haka akwatin mai wayarin da na bakanike. Da yawa sun gane cewa leda mai zif, wadda ake danne bakinta ta rufe, ita ce hanya mafi sauƙi ta raba waɗannan tarkace. Matsalar ita ce ledojin kama suke yi a ido, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Araha ba ta ado: ledar da ta huje ta zubar da notin injin da ba a samun irinsa ta jawo asarar da ta ninka kuɗinta sau da yawa.

Abin dubawa na farko shi ne kauri. Masu yin leda suna auna shi da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Wasu kuma, musamman Amurkawa, suna rubuta "mil" a jikin fakiti. Kada a ɗauka milimita ake nufi, domin mil ɗaya kusan maikuron 25 ne. Leda mai maikuron 50 ta isa ajiye wayar caji da abin sauraro na kunne da makamantansu marasa kaifi. Ƙusa da noti mai tsini da bakin diril kuwa suna buƙatar maikuron 100, masu nauyi ma har 150. Ƙaramar ledar da ake zuba ƙwayar magani a kyamis an yi ta ne don 'yan kwanaki, ba don ƙarfe ba. Idan babu rubutu, a murza ledar tsakanin yatsu, sannan a ja gefenta a hankali. Wadda ta miƙe nan take ta yi fari ba za ta daɗe ba.

Na biyu, irin robar. Mafi yawan ledoji masu ƙarko da roba mai laushi ake yin su, wadda ke ɗauke da alamar LDPE ko lamba 4 a cikin 'yar alama mai kusurwa uku. Takan ɗan yi duhu-duhu, kuma tana miƙewa kafin ta yage. Akwai wata mai sheƙi da ƙarar kacau-kacau, irin wadda ake sa sabuwar riga a ciki. Tana da kyan gani, amma da zarar tsini ya taɓa ta, yagewar ba ta tsayawa sai ta kai ƙarshe.

Na uku, bakin ledar, domin a nan aka fi samun matsala. Kafin ka sayi fakiti, nemi guda ɗaya ka gwada. Rufe ta da iska a ciki, ka matsa da tafin hannu. In ta sace, to ƙura da laima ma za su shiga. Mai layin zif biyu ta fi mai layi ɗaya riƙo. A duba kusurwoyi biyu inda zif ya haɗu da gefe, nan ne yagewa ke farawa. Da hunturu, ƙura kan cika ramin zif har ya ƙi kamawa, sai a goge shi da tsumma kafin a rufe.

Ga wani abin da ake yawan mantawa: leda tana hana laima shiga, amma tana kuma hana ta fita. Wanda ya rufe noti mai ɗan danshi da damina, tsatsa ya ajiye wa kansa. A shanya kaya su bushe sarai, a ɗan shafa wa ƙarfe mai, sannan a jefa 'yar jakar nan ta silika da ake samu a kwalin sabon takalmi, domin aikinta shan danshi. A kuma nisanta ledar daga rana da gaban mota, saboda hasken rana yana sa roba ta bushe ta riƙa farfashewa.

Masu gyaran waya da kwamfuta su ƙara lura. Leda ta gama-gari tana tara ɗan lantarkin nan da ke tartsatsi idan aka cire rigar sanyi, kuma ya fi yawa a busasshiyar iskar hunturu. Ɗan wannan ya isa ya kashe memori ko fanel. Irin waɗannan kaya a ledarsu ta musamman ake sa su: mai ruwan hoda ba ta tara lantarkin, mai ruwan azurfa kuma tana kare kayan daga wanda zai zo daga waje. In sabon kaya ya zo a cikinta, a adana ta.

Batir kuwa kada a haɗa shi leda ɗaya da noti ko makulli ko kwabbai. Ƙarfe na iya haɗa bakunansa biyu, ya yi zafi har ya kama wuta. A liƙe bakin da salatif, a ware masa tasa ledar. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na agogo da makullin mota, ya fi kowanne haɗari. Idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu, don haka asibiti za a nufa nan take. Babbar leda ma kan toshe numfashin yaro in ya sa kansa a ciki. A ajiye duka inda hannun yara ba ya kaiwa.

Wajen sa wayar caji a leda, a naɗe ta sako-sako, ba a ɗaure ta tamau a jikin caja ba, domin siraran zaren tagulla na ciki a wuyan wayar suke karyewa. A zaɓi ledar da ta ɗan fi kayan girma, don kada a riƙa tilasta wa zif. Sannan a rubuta sunan abin da maka a jikin ledar, ko a takarda a jefa ciki, domin rubutun kan leda yana gogewa. Wanda ya kwance inji ya sa notin kowane sashe a ledarsa da sunansa, ranar ɗaurawa ba zai tsaya canke ba.